Jet Ɗin da Bappa Bai Ɓatar Ba

Ƙil. Iyakar ƙarar ke nan, kamar an jefa ƙwayar wake a kwanon silba. Da akuyar maƙwabta ta yi kuka a daidai lokacin, da ban ma ji ba. Amma na ji, ina sunkuye da tsintsiya a hannu ɗaya da tire a ɗaya hannun, wata safiyar Lahadi a shekarar da mutane suka yi ta gudowa Yola daga arewacin jiha. Shekara goma da ɗoriya ke nan, kuma har ɗazu da la'asar ban taɓa gaya wa wani mahaluki na ji ta ba.

Yau kwana shida da rasuwar surukina, mahaifin maigidana. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Duk unguwarmu ta Damilu Bappa suke ce masa, saboda 'ya'yan 'yan'uwansa da ya riƙa sun fi nasa yawa, sunan ya bi bakinsu ya shiga unguwa. Ni ban taɓa kama sunansa na yanka ba, kuma ba zan fara yau ba.

Ranar jana'iza layinmu ya toshe da tsofaffin motoci. Ban taɓa ganin irinsu da yawa a wuri ɗaya ba: masu fenti uku, masu ƙofar da ake ɗaurewa da igiya, masu tashi sai an tura. Da aka dawo daga maƙabarta, biyu suka ƙi tashi. Ina leƙe ta tagar zaure na ga masu su sun buɗe bonet sun tsaya, kowa na duban kowa. Wani dattijon direba ya juya wajen gindin mangwaron da Bappa ke zama, ya buɗe baki zai kira, sai ya tuna. Ya zauna a kan bamba ya rufe fuska da hula.

Ticha, maƙwabcinmu Kirista mutumin Ganye da ya yi ritaya daga koyarwa, ya shigo har tsakar gida ya durƙusa gaban Dada, surukata. Ya ce, "Mama, motana ya yi shekara ashirin a hannun mutumin nan. Yanzu in ya yi tari, wa zan kai ma?"

Dada ta ce, "Kai ma ka tsufa, Ticha. Ka ajiye shi ka hau keke napep kamar kowa."

Aka yi dariya cikin hawaye. Mata suka yi ta kawo nasu. Wata ta ce shi ya gyara mata injin markaɗe. Wata ta ce ranar da naƙuda ta kama 'yarta, shi ya kai su asibiti yana tafe a hankali yana ba ramukan titi haƙuri ɗaya bayan ɗaya.

Goggo, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, tana gefe har rana ta yi sanyi. Tana jingine da bango da carbi. Can ta ɗago, ba ta dubi kowa ba, ta ce, "Ku shaida. Na yafe ma Hamma, yayana. Abin da ya yi min a shekaran gudu, na yafe duniya da lahira."

Mata suka ce Allah ya saka mata da alheri. Ni ina riƙe da butar shayi. Na ajiye ta na shige madafa, na ce hayaƙi ne ya shiga min ido. Goggo ta yafe masa laifin da ba shi ya yi ba. Shi ya sa na samo littafin rubutun 'yata na yagi tsakiyarsa, nake rubutawa kaɗan kaɗan tsakanin girki da gaisuwa. Ba na so a manta da shi, kuma ba na so a tuna da shi a karkace.

Bappa ba shi da gareji. Direba ne na gwamnati har ya yi ritaya, gyara kuwa ya koye shi ne a hanya, a wuraren da in mota ta mutu ba mai zuwa. Da ya zauna gida, sai gindin mangwaron tsakar gidanmu ya zama wurin aikinsa. Tabarma, akwatin sifanu, gwangwanin kananzir na wanke ƙarafa, shi ke nan.

In an kawo masa mota, ba ya taɓa ta sai ya gama tambaya. "Yaushe ta fara? Da sanyin safe ko in ta yi zafi? A hawa ko a gangara? Wane mai ka sha, na gidan mai ko na galan?" In mai motar ya fara kame-kame, sai Bappa ya ce a kira matarsa. Yana cewa mata sun fi jin ƙarar mota, domin maza hankalinsu na kan titi da rediyo. Akwai wani ma'aikaci da ya rantse ƙarar daga jiya ta fara. Matarsa daga cikin mota ta ce, "Tun bikin ƙanwarka, Alhaji. Na faɗa maka ka ce kunnena ne." Bappa ya yi dariya har sai da ya zauna.

Kullum maganarsa ɗaya: "Wuta, mai, iska. Cikin ukun nan ɗaya ne ya yi fushi. Nemo shi kafin ka kwance komai." Ya tsani a canja abu a kan zato. In ya ciro fulogi, sai ya ɗaga shi a rana ya karanta kamar wasiƙa. Baƙi mai kunkunniya, mai ya yi yawa. Fari fat, mai ya yi kaɗan. Mai lafiya kuwa, in ji shi, launinsa na ƙosan da ya soyu daidai.

Rigimarsa da Dada a kan muciya ce. Yana ɗaukar muciyar tuwo ya dafa kanta a jikin inji, ya kanga kunnensa a ɗaya bakin, ya lumshe ido yana matsar da ita sannu sannu har ya kai inda ƙarar take. Yana da dogon sukudireba da zai yi wannan aikin, amma ya ce itace ya fi faɗin gaskiya. Dada ta sayo sabuwa ta bar masa tsohuwar, ya ce sabuwar ta fi ji. Wata rana ta fito da ita a hannu, bakinta baƙi ƙirin.

"Malam, yau tuwon baƙin mai za ka ci."

"In ya yi laushi, kawo."

"Mutum da furfura yana satan muciya!"

"Aro na yi. Ga shaida," ya nuna wajen ƙofata. Ni kuwa na ja labule na toshe baki.

Haka muke da shi. A gidan Fulani suruka ba ta tsayawa gaban surukinta ta yi zance. In zan wuce, na cire takalmi na sunkuya. In zan gaishe shi, daga nesa, a durƙushe, idona a ƙasa. In yana da saƙo gare ni, sai ya gaya wa Dada da ƙarfi yadda zan ji: "A ce wa amarya miyan jiya ta yi daɗi." Na taso ana koya min cewa wannan kunya ita ce adon mace, kuma har yau ban ce ƙarya ba ce. Abin da ba a koya min ba shi ne ranar da ya kamata a ajiye ta.

Yana da wata al'ada in zai kwance kafireto, wato inda mai da iska ke haɗuwa a irin motocin da. Ƙananan ƙarafa ne a ciki, wasu ba su kai ƙwayar masara ba. Sai ya ɗauko wani tsohon tiren shayi, ya jera su yadda ya ciro su, daga dama zuwa hagu kamar rubutun allo. In zai mayar, sai ya karanto daga hagu. Ba ya rubuta komai. Tiren ne littafinsa, kuma duk gidan an san ba a taɓa shi. Ni wata uku ke nan da tarewa. An gaya min wace randa ce ta sha, wane kofi ne nasa. Maganar tire ba wanda ya tuna.

Ran Asabar Goggo ta bugo waya daga ƙauyensu a wajen Mubi. Ta ce ana jin harbi daga bayan duwatsu, mutane sun fara fita. Mijinta ƙafafunsa a kumbure suke, ba ya iya tafiya mai nisa, motocin haya kuma kafin su iso ƙauyen sun cika. "Hamma, ka zo ka ɗauke mu." Ya ce ta haɗa kaya, gobe bayan azahar zai kama hanya. Maigidana yana Abuja wajen kwas. Direbobin da aka tuntuɓa kowa ya ce ba zai fuskanci can ba.

Farar motarsa mai dogon baya tana da wata cuta a lokacin: in ta yi zafi sai ta riƙa shiɗewa a hawa. Ya ce ba zai shiga hanya irin wannan da motar da ke tari ba. Washegari Lahadi bayan asuba ya kwance kafireto, ya wanke, ya jera a tire ya ajiye a inuwa kusa da magudanar ruwa, ya ɗauki jarkoki ya tafi neman fetur.

Ni kuma na fito shara. Amarya ce, ina so a ce tsakar gida ta canja tun da na zo. Na share ko'ina, ya rage ƙarƙashin tiren, inda ganyen mangwaro suka taru. Na ɗaga shi da hannu ɗaya. Ya ɗan karkata. Wani ɗan ƙarfen tagulla ya gangara ya wuce baki, ya buga siminti ya shige ramin magudana, ƙarƙashin murfin da aka rufe ta da shi. Na leƙa, duhu. Na ce a raina, cikin wannan tarin ƙarafa, wa zai kula da guda? Na daidaita sauran da yatsa, na mayar da tiren inda yake, na ci gaba da shara.

Da hantsi ya dawo ya zauna haɗawa. Ina ɗaki ina jin ƙarar sifana, sai na ji ta tsaya. Sannan ya ɗaga murya.

"Wa ya taɓa tiren nan?"

Dada ta fito. "Wa zai taɓa? Yara sun tafi islamiyya tun safe. Amarya kuma me ya haɗa ta da ƙarfe?"

"Jet babu. Babban. In ba shi, mai ba zai shiga daidai ba."

Ina bayan labule, tsakanina da shi taku biyar. Kalma huɗu ce: Baba, yana cikin magudana. Da na faɗa, da maza biyu sun ɗaga murfin nan, kafin a kira azahar mota ta tashi. Na buɗe baki. Na tuna ban taɓa yi masa magana ba sai gaisuwa. Na tuna za a ce amaryar da aka kawo daga makaranta ta fara ɓarna. Na ce bari Dada ta shigo in raɗa mata. Dada ta shigo ɗaukar matankaɗi, ta dube ni ta ce, "Zo ki taya mu nema, idonki ya fi namu." Na tashi na bi ta.

Wannan shi ne abin da ya fi ci min rai. Na durƙusa tare da su, ina ɗibar yashin tsakar gida ina tankaɗewa kamar gari, alhali na san inda abin yake. Duk tafin yashin da na tankaɗe, faɗin gaskiya na ƙara nauyi, domin yanzu sai an tambaye ni me ya sa na yi shiru tun ɗazu. Muka tankaɗe gindin mangwaro kaf. Bappa ya zazzage aljihunsa, ya kwance naɗin hannun rigarsa, ya juye gwangwanin kananzir. Da aka kira azahar ya miƙe yana riƙe da ƙugu, ya ce a hankali, "To ni ne. Wataƙila na watsar da shi da kananzirin farko a waje. Tsufa ya zo."

Lahadi ce, masu sayar da kayan mota a Jimeta yawancinsu suna coci, shaguna a rufe. Ticha ya zo ya ce a cire na motarsa, suka duba, ba iri ɗaya ba ne. Ran Litinin suka zaga kasuwa tare. Wani ɗan kasuwa ya juya tsohon kafireton a hannu ya ce, "Bappa, this kind one no dey again, sai dai ka je wurin masu yanka mota." A can suka samo wani, huɗarsa ta yi faɗi. Mota ta tashi tana baƙin hayaƙi tana shaƙewa. Ya sake kwancewa, ya toshe huɗar da dalma, ya sake huda ta da allura, ya gwada, ya sake. Sai ran Talata da safe ta yi muryar da yake so. Tun daren Lahadi wayar Goggo ta daina shiga.

Ya wuce Song, bai kai Gombi ba ya tarar da titi cike da mutane a ƙafa, da katifu a ka da yara a baya. Sojoji suka ce ba mai wucewa gaba. Ya tsaya a bakin hanya har la'asar yana duba fuskoki. Da bai gan ta ba, ya cika motar da waɗanda suka gaza, har cikin but, ya kawo su gidanmu. Wata tsohuwa da jikokinta uku sun yi wata biyu a ɗakin Dada. Washegari ya koma, da jibi, da gata. Kullum ya dawo da mota cike da mutanen wasu.

Sai bayan mako uku wani ya ce ya ga Goggo a sansanin 'yan gudun hijira na Malkohi. Muka tafi da Bappa da Dada, ni ina riƙe da kular abinci. Muka same ta zaune a bakin wani tanti, ta rame, ƙafafunta a naɗe da tsumma. Ita kaɗai. Mijinta ya rasu a kwana na uku na tafiya cikin daji, wasu bayin Allah suka ari fartanya a wata gona suka rufe shi a gindin tsamiya.

Bappa ya durƙusa. Goggo ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Hamma, wuni biyu na zaunar da shi a bakin titi. Mutane suna wucewa suna ce min, tashi ku bi mu, akwai amalanke. Na ce a'a, yayana zai zo, farin mota ne. Kowane farin abu na gani sai na miƙe."

Ya ce, "Na kwance ta ne don kar ta mutu da ku a hanya. Sai na ɓatar da ƙarfe guda."

"Ƙarfe," in ji ta. "Kai da ba ka taɓa ɓatar da allura ba."

Ya ce ta tashi mu tafi gida. Ta ce ba za ta shiga motar nan ba ko gawarta ce. Ta yi wata huɗu a sansanin, daga baya dangin mijinta suka ba ta ɗaki a unguwar Bako. Da shekaru suka tafi ta riƙa zuwa suna da biki, suna gaisawa da Bappa, yana aika mata buhun masara duk kaka. Amma hirar da aka ce suna yi a da, ta raba rana suna dariya da Fulatanci, ni ban taɓa ganinta ba. Kuma ko ana ruwa, keke napep take hawa ta koma.

Tun daga nan ya daina yarda da hannunsa. Ya ajiye tiren. Ya roƙi Dada tsohuwar tandar suyar masa, wannan karon ba ta yi musu ba, ya riƙa sa kowane ƙarfe a gurbinsa don kada ya gangara, yana ƙirgawa da ƙarfi sau biyu. Duk wanda ya kawo mota ya yaba masa, sai ya girgiza kai. "Kar ka yabe ni. Ni ne na ɓatar da jet ranar da ƙanwata ke jirana a titi." Ya faɗa wa direbobi, ya faɗa wa limamin unguwa. Sau nawa ina ajiye musu ruwa a bakin tabarma ina jin wannan magana, ban ƙirga ba.

Duk Juma'a bayan masallaci, sai ya sa akwatin sifanu a mota ya tafi Malkohi. Ya gyara musu famfon ruwa, da injin niƙa, da baburan da wasu suka gudo da su. Dada ta ce masa ya huta, ya ce zama ne ke gajiyar da shi.

Ni kuwa na yi ta yi wa kaina fatawa. Na ce ajali ne, ko da ya tafi ran Lahadi, kwanan mijin Goggo ya ƙare. Na ce wataƙila da ya tafi a ranar, da shi ma bai dawo ba, ashe ni na tsare shi. Duk wannan yana iya zama gaskiya, Allah ne masani. Amma ƙaddara ba ta hana ni magana ran Litinin ba, ko bayan shekara, ko bayan biyar. Na yi azumin nafila, na yi sadaka da niyyar mijin Goggo. Na yi komai ban da abu ɗaya da ake bukata. Har maigidana, da muka haifi 'ya'ya uku tare, bai sani ba.

Kuma mutumin nan bai taɓa yi min sai alheri ba. Da na haifi 'yar farina, kullum da safe sai na tarar an faskara itacen ruwan wanka an jera a ƙofar madafa. Na ɗauka maigidana ne, na yi masa godiya, ya ce shi bai san zancen ba. Da keken ɗinkina ya riƙa tsinke zare, ban gaya wa kowa ba. Daga gindin mangwaro ya ji ƙararsa, ya ce wa Dada, "A ce wa amarya ta fito da keken nan waje, yana kukan ƙishirwa." Shekarata bakwai a gidan a lokacin, har yanzu amarya.

Da ciwo ya kwantar da shi a damina, na ce yanzu kam sai na faɗa. Wata ranar da hantsi Dada ta fita karɓo magani, na kai masa kunu. Na durƙusa a bakin ƙofa kamar kullum, amma ban tashi ba. Na ce, "Baba, akwai maganar da nake so in yi."

Ina jin shi ne karo na farko da ya ji muryata a jimla mai tsawo. Ya juyar da fuska wajen bango, don shi ma kunyata yake ji. Ya ce, "'Yata, in a kan hidima ce, ba ki rage komai ba. In wani abu ne tsakaninmu, na yafe tun kafin ki faɗa. Allah ya yi miki albarka. Je ki huta."

Ya buɗe min ƙofa, ni kuma na bi ta na fita. Na ce ai ya yafe. Amma na san ya yafe abin da bai sani ba ne, kuma ba yafiyar ce yake bukata daga gare ni ba. Abin da yake bukata shi ne wani ya ce masa, hannunka bai yi kuskure ba, jerinka daidai yake, kwance motar da ka yi daidai ne. Ya tafi bai ji wannan ba. Bayan kwana tara ya cika, da rana tsaka, kansa a cinyar ɗansa.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sa wahalar da ya sha a kan titin nan ta zama masa haske. Ka sanar da shi abin da na kasa sanar da shi. Ni kuma Ka yafe min, Ka ba ni ƙarfin abin da ya rage.

Ɗazu da la'asar, da baƙi suka ragu, na zaunar da 'yar farina a tsakanin ƙafafuna ina yi mata kitso saboda sadakar bakwai gobe. Shekararta tara. Ta ji hawaye ya ɗiga mata a wuya. Ta ce, "Inna, me ya sa kin fi Dada kuka? Ai ba babanki ba ne."

Ban san abin da ya sa ba, wataƙila don ta ba ni baya ne, ba sai na dubi ido ba. Na gaya mata duka, da shara, da magudana, da matankaɗi. Ina faɗa ina tsaga gashi, layin ya karkace. Daga ɗakin Dada ana jin Goggo tana tari, tana haɗa kayanta a jaka, don gobe bayan addu'a za ta koma Bako.

Yarinyar ta sa hannu ta zare matsefin daga hannuna, ta juyo da rabin kai a tsefe.

"Kaka ya tafi, ba zai ji ba. Amma Goggo tana ɗaki. Ki bar kitson, Inna, zan jira ki."